Kwana 59 a Dandalin Zuccotti: Gardamar da 'Yan Hagu Ba Su Gama Ba



Shugaban taro, malamaina da ke zaune nan gaba, iyayenmu mata, 'yan ƙwadago da na hango can kusa da ƙofa, da ku ɗalibai, barkanmu da yamma.

Da takardar gayyata ta iso, sai na ga an ce in yi magana a kan 'yan hagu. Na yi dariya, domin hagu ba ta da farin jini a wurinmu. Ba a ci da ita, ba a miƙa ta a gaisa, wanda ya cika jayayya ma bahago ake ce masa. Kalmar ta samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu son a rage masa iko suka zauna hagu. Mu nan muna da namu sunayen tun zamanin NEPU: 'yan sawaba, 'yan gwagwarmaya, masu ra'ayin talakawa. Zan riƙa cewa 'yan hagu don gajarta zance, kada wani ya fita ya ce na zage shi.

Amurka zan kai ku, birnin New York, kuma can za mu fi daɗewa.

A ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Bankunan Amurka sun shafe shekaru suna ba mutane rancen sayen gida, har waɗanda aka san ba za su iya biya ba, sannan su ɗaure basussukan dami-dami su sayar wa wasu a matsayin kadara mai daraja. Da farashin gidaje ya faɗi, sai damin ya kwance. Cikin makonni uku majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankunan. Miliyoyin mutane suka rasa gidajensu, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009. A watan Maris na shekarar ne kuma aka ji cewa kamfanin inshora na AIG, wanda kuɗin gwamnati ne ya hana shi mutuwa, ya raba wa ma'aikatan sashen da ya jawo masa asarar tukuicin dala miliyan 165. Babu shugaban babban banki ko ɗaya da ya kwana a gidan yari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana cikin wannan takaici, a Janairun 2010 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa gwamnati ba ta da ikon ƙayyade abin da kamfanoni da ƙungiyoyi za su kashe wajen tallan siyasa, muddin ba hannun ɗan takara suka danƙa ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne zuciyar abin da ake kira ƙarfin kamfanoni. Ba arziki kawai ake nufi ba. Ana nufin kamfani ya tara kuɗi, ya zuba wani kaso a zaɓe da kamun ƙafa a majalisa, a rubuta dokar haraji da ta ƙwadago yadda za ta yi masa daɗi, ya ƙara tara kuɗi, ya sake zubawa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa kun san abin da ya hau kansa. A 1965 shugaban babban kamfani a Amurka yana samun kamar ninki 20 na abin da ma'aikacinsa ke samu. A shekarun nan tazarar ta kai wajen ninki 300. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuma yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009.

To, a Yulin 2011 wata mujallar Kanada mai suna Adbusters ta yi kira ga mutane su zo Wall Street, unguwar bankuna da kasuwar hannun jari, ranar 17 ga Satumba, kowa da tantinsa. Masu zanga-zangar Masar da Tunisiya suke kwaikwayo, da matasan Sifen da suka mamaye dandalin Puerta del Sol a Madrid tun 15 ga Mayu. Ranar ta zo, 'yan sanda suka toshe titin, sai mutanen suka zarce wani ɗan fili da ke kusa, Zuccotti, wanda bai kai filin ƙwallo ba. Ga abin dariya: filin na kamfani ne, Brookfield. Wuraren shaƙatawa na hukuma ana rufe su da dare, amma wannan, bisa yarjejeniyar da aka yi da hukumar birni lokacin da aka ba da izinin gini, dole ya kasance a buɗe dare da rana. Masu zanga-zangar adawa da kamfanoni sun sami wurin kwana ne saboda filin na kamfani ne.

Akwai abin da suka yi a wurin da nake so ku gani da idon zuci. Dokar birnin ta hana amfani da lasifika sai da izinin 'yan sanda. Sai mai magana ya faɗi kalma biyar ko shida ya tsaya, na kusa da shi su maimaita da ƙarfi, na bayansu su sake maimaitawa, har maganar ta isa ƙarshen taro. Tamkar ladan mai ɗaga kabbara a masallacin idi, sai dai a nan kowa ladan ne. In ka yarda da magana ka ɗaga hannu kana kaɗa yatsu, in ba ka yarda ba ka karkata su ƙasa, in kuwa abin ya saɓa maka har ba za ka iya zama ba, ka gicciye hannuwa a ƙirji. Ba shugaba, ba sakatare, ba kakaki. Ana dafa abinci a raba kyauta, akwai wurin duba marasa lafiya, akwai ɗakin karatu mai littattafai kusan 5,000. Taken nasu ɗaya ne: mu ne kashi 99, wato duk wanda ba ya cikin kashi 1 cikin 100 na manyan attajirai.

Ranar 1 ga Oktoba aka kama sama da mutum 700 a kan gadar Brooklyn, kuma wannan kamun ne ya sa 'yan jarida suka daina yi musu kallon yara masu wasa. Abin ya bazu garuruwa ɗaruruwa. Sai ranar 15 ga Nuwamba, wajen ƙarfe 1 na dare, 'yan sandan magajin gari Michael Bloomberg, wanda shi kansa biloniya ne, suka kewaye filin, suka kwashe tantuna da littattafai aka zuba a motocin shara. Kwana 59 ke nan.

Daga nan gardama ta tashi, kuma ba tsakanin hagu da dama ba. Cikin gida ce.

Ɓangare guda ya ce an yi asara. Suka ce taron tsintsiya ne ba shara: wata biyu ana kwana a sanyi, ba a rubuta buƙata ko ɗaya da za a kai gaban majalisa ba, ba a bar ƙungiya ba, ba a bar rajistar suna ba. Sukan kafa hujja da wata tsohuwar maƙala da Jo Freeman ta rubuta a farkon shekarun 1970 a kan ƙungiyoyin mata, inda ta nuna cewa taron da ya ce ba shi da shugaba yana da shugabanni, sai dai ba wanda ya zaɓe su, don haka ba wanda zai iya tsige su. Gaskiya ce mai ɗaci. A taron da ake yanke shawara bayan awa biyar ana kaɗa yatsu, wa ke rinjaye? Wanda ba ya da aikin safe. Matar da za ta tashi da asuba ta je ta goge bene a ɗaya daga cikin bankunan nan, wadda dominta aka ce an fito, ta riga ta tafi gida tun ƙarfe tara.

Ɗaya ɓangaren, wanda marigayi David Graeber, masanin halayyar al'umma, ya fi kowa iya kare shi, ya ce ba a fahimce su ba. In ka kai buƙata gaban majalisar da ka ce an saye ta, ai ka yarda ke nan halastacciya ce. Kuma duk ranar da ka naɗa shugaba, ka nuna wa abokin gaba wanda zai kama, ko wanda zai saya. Su a ganinsu filin kansa shi ne saƙon: a nuna wa mutane da idonsu cewa ana iya ci, ana iya jinya, ana iya shawara ba tare da mai gida ba.

Ni ba na raina wannan magana, ko da yake ba na tare da ita. Kafin Satumban 2011 zancen da ya cika siyasar Amurka shi ne bashin gwamnati da tsuke bakin aljihu. Bayan wata uku, a Disamba, sai ga Shugaba Obama a wani ƙaramin gari na jihar Kansas yana jawabi guda a kan tazarar mai kuɗi da talaka. Littafin Thomas Piketty, ɗan Faransa, mai shafi kusan 700 cike da alƙaluma, wanda ya fito da Turanci a 2014 yana bayanin yadda ribar dukiya ke gudu fiye da bunƙasar tattalin arziki, ya shiga sahun littattafan da aka fi saye. Da ba a share masa fage ba, da malaman jami'a ne kaɗai za su karanta shi. Kashi 1 da kashi 99 suka shiga bakin kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin zalunci yana daɗewa ne muddin ba a raɗa masa suna ba.

Amma suna kawai aka raɗa. Ba banki ɗaya da aka rage wa girma saboda Zuccotti.

Akwai kuma rigimar fasa gilashi, wadda ta taso bayan abin da ya faru a Oakland, inda wasu matasa masu baƙaƙen kaya da rufe fuska suka farfasa tagogin bankuna. Ɗan jarida Chris Hedges ya yi musu kaca-kaca a Fabrairun 2012, Graeber ya mayar masa da martani. Ba zan daɗe a nan ba. Gilashin banki yana da inshora, hoton kuwa shi za a nuna wa wanda ke gida yana tunanin ko ya fito gobe.

Gardamar da ta fi zurfi ita ce: mene ne ciwon? Sanata Elizabeth Warren, wadda ta sha faɗa da bakinta cewa ita 'yar jari-hujja ce, tana ganin kasuwa lafiyarta ƙalau, kamfanoni ne suka yi ƙiba har suka cinye alƙalin wasa. Maganinta shi ne a tsattsaga su, kamar yadda aka tsaga Standard Oil gida 34 a 1911, a kuma sa musu ido. A kan wannan layi ne aka naɗa Lina Khan, wadda ta yi suna da rubutunta a kan Amazon tun tana ɗaliba, shugabar hukumar kula da gasar kasuwanci a 2021. Masu ra'ayin gurguzu kuwa suka ce ba cinya ba ce, ƙafar baya. In ka tsaga kura gida 34, 'ya'yan kura ka samu, za su girma su sake haɗewa. Kuma tarihi ya ɗan ba su gaskiya, domin Exxon da Mobil, dukkansu 'ya'yan Standard Oil, sun koma kamfani ɗaya a 1999. Su tambayarsu ita ce wa ya mallaki masana'antar, wa ke yanke shawara a kan ribar.

Waɗanda suka gaji da kwana a fili suka ce a shiga zaɓe. Bernie Sanders ya nemi takara a 2016 da 2020 da gudummawar ƙananan mutane, bai samu ba, amma ƙungiyar 'yan gurguzun dimokuraɗiyya ta Amurka ta tashi daga mambobi kamar 6,000 zuwa sama da 90,000. A Sifen aka kafa Podemos a 2014. Darasi mafi zafi daga Girka ya zo. Jam'iyyar Syriza ta ci zaɓe a Janairun 2015 da alƙawarin kawo ƙarshen tsuke bakin aljihu. Ranar 5 ga Yuli aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 61 cikin 100 suka ƙi sharuɗɗan masu bin ƙasar bashi. Mako guda bayan nan firayim minista Alexis Tsipras ya amince da sharuɗɗan da ba su fi waɗancan sauƙi ba. Bankunan ƙasar a rufe suke, kuma famfon kuɗin yana hannun Babban Bankin Turai. Ya ci kujera, ya tarar ikon ba ya kan kujerar.

Manyanmu da ke nan ba sa buƙatar a yi musu fassarar wannan. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, sannan jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, a kan yadda za a zauna da gwamnatin NPN. Majalisa ta tsige Balarabe a Yunin 1981. Har gobe in an haɗa dattawa biyu na wancan zamani a rumfa ɗaya, sai an raba su.

Yanzu bari in faɗi inda na tsaya, kuma da labarinmu zan faɗe shi, domin wannan salo na mamaye fili ya iso nan ƙasar ƙasa da wata biyu bayan an share Zuccotti.

Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. A Kano matasa suka tare a shataletalen Silver Jubilee suka sa masa sunan dandalin 'yanci, a Legas aka cika Ojota. Na je Silver Jubilee da yamma guda. Abin da ya tsaya mini a rai ba jawabai ba ne. Wani ɗan acaɓa ne da ya jingina babur a gindin bishiya, ya zauna a ƙasa yana lissafi da tsinke: balas ɗin mai babur kaza, mai kaza, cefane kaza. Ya ja layi, ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga in na fita aiki yau, ni zan biya kuɗin fitar." Ba ya buƙatar littafi mai shafi 700.

Ku kwatanta da New York. Mu muna da buƙata ɗaya tak, a koma 65. Muna da shugabanni, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, waɗanda suka kira yajin aiki ranar 9 ga wata. Kasuwanni, bankuna, filayen jirgin sama, duk suka tsaya. Amma in kun duba da kyau, gwamnati ba ta girgiza sosai ba sai da ƙungiyar manyan ma'aikatan man fetur, PENGASSAN, ta ce za ta rufe rijiyoyin haƙo ɗanyen mai. Ranar 16 ga wata aka sanar da naira 97, ƙwadago ta janye yajin. Mako guda ya karɓo abin da kwana 59 ba su karɓo ba. Dalilin ba jarumta ba ce, ba yawan jama'a ba ne. 'Yan Zuccotti sun zauna a filin da bankuna ba su da buƙatarsa, ma'aikatan banki suna wuce su da safe su hau bene su ci gaba da ciniki. Ma'aikacin rijiyar mai kuwa hannunsa na kan famfo.

Amurkawa ma sun san wannan, mantawa suka yi. A ƙarshen 1936 ma'aikatan General Motors a garin Flint suka zauna cikin masana'antun kamfanin suka ƙi fita, kwana 44, har kamfanin ya amince da ƙungiyarsu a Fabrairun 1937. Mamaya ce ita ma, amma ta wurin da ake buga kuɗin. A shekarun 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ƙasar suna cikin ƙungiya. A 1981 Shugaba Reagan ya kori sama da ma'aikata 11,000 masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da suka shiga yaji, kamfanoni suka ɗauki haske. Yau a kamfanoni masu zaman kansu kamar kashi 6 cikin 100 ne ke cikin ƙungiya. Shi ya sa nake ganin magada na gaskiya ga Zuccotti su ne masu soya kaza da dankali da suka fita yaji a New York a Nuwamban 2012 suna neman dala 15 a awa. An yi musu dariya da farko, amma a 2016 jihohin California da New York suka sa hannu a kan dokar da za ta kai albashi can.

Kada 'yan ƙwadago na can baya su yi saurin tafi, ban gama ba. Abin da Graeber ya ji tsoro shi ya same mu. Mutanen da suka kwana a Silver Jubilee, aka watsa su da barkonon tsohuwa, ba wanda ya tambaye su kafin a janye yajin. A rediyo suka ji, kamar kowa. Kuma da yake buƙatarmu farashin lita ce kawai, da aka taɓa farashin sai zancen ya mutu. Tambayar da ta fi ta girma, wato su waye ke karɓar kuɗin tallafin, ta koma hannun kwamitin majalisar wakilai. A Afrilun 2012 kwamitin ya ce sama da naira tiriliyan 1 ne ya kamata a dawo da su, ya nuna cewa an biya kamfanoni kuɗin man da bai taɓa sauka a tashar ruwa ba. Daga baya kotu ta ɗaure shugaban kwamitin kansa, Farouk Lawan, kan karɓar cin hanci. Su can sun sami suna ba su sami ragi ba, mu mun sami ragin naira 44 ba mu riƙe sunan kowa ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin da jimla ɗaya a filin rantsarwa. A Agustan 2024 matasa suka sake fitowa saboda yunwa, wannan karon ba NLC, ba TUC, ba wanda zai zauna teburin sulhu da sunansu, ba kuma wanda zai hana ɓata-gari shiga. A Kano aka fasa wurare, aka sa dokar hana fita, aka rasa rayuka. A Nuwamba muka ga yara ƙanana a gaban kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don galabaita, kafin a ba da umarnin sakinsu.

Ɗalibai, tambayar da nake so mu fara da ita in an buɗe fili ta ku ce. A Flint akwai masana'antun da za a zauna a ciki, a 2012 akwai famfo. Amma mafi yawan matasan da suka fito a 2024 ba su da mai gidan da za su yi wa yaji: masu tuƙa Adaidaita Sahu ne da ke biyan balas, da masu POS, da masu tura baro a Singa da Dawanau, da masu digiri da ke zaune. Akasarinsu suna da ƙungiyar tasha ko ta layi, mai karɓar kuɗin tikiti kullum safiya, mai shugaba da ma'aji da littafi. Ina son wanda ke cikin irin wannan ƙungiya ya tashi ya gaya mana yaushe rabon da su yi zaɓe, kuma me ake yi da kuɗin.

Shugaba, na ga kana duba agogo.